Hoton Da Aka Cire Daga Shafin Gidan Agashe

Feji na 17

Masu cika min waya da saƙo wai na yi nawa, na gani. Ga shi nan. Wanda zuciyarsa ba ta da ƙarfi ya ajiye sai ya ci abinci.

Rilwanu ya gyara shafin intanet na gidan agashen Ammu Mazin, wato Baffa Mazin. Gyaran ya yi kyau. Gyaran ne kuma ya kawo mai neman jini har cikin shagon.

Shi bai san haka ba lokacin da ya sauko daga jirgin metro a tashar Hadayek el-Maadi bayan azahar, jakar kwamfuta a kafaɗa, yana tafe yana murmushi shi kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir. Ɗan Gusau ne, karatun addini ya kawo shi Masar, a unguwar Darrasa yake zaune. Aikin kwamfuta a gefe ya koye shi, kuma yana ji da shi fiye da kima.

Shafin da ya tarar tsoho ne, tun zamanin da ake yayin gini da firem. Firem kamar gida ne mai zaure ɗaya. Kana tsaye a zauren, ga suna a sama, ga madannai a gefe. Ka danna wannan a leƙa maka ɗakin hotuna, ka danna wancan a leƙa maka ɗakin kalolin nama. Mutum yana ganin komai. Google kuwa in ya zo, zauren kawai yake gani, wayam, sai ya juya abinsa. Shi ya sa shekara da shekaru in ka nemi agashe a Alƙahira, shagunan da ko ƙafar na Mazin ba su kama ba su ne ke fitowa.

Ammu Mazin ya hana a rushe, ya ce ya saba da kayansa. Sai Rilwanu ya bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya, ya fasa wa kowanne ƙofa ta waje, ya rubuta masa suna a goshi. A ƙasa kuma ya sa sunan shago da layi da lambar gida, don duk wanda Google ya jefo cikin ɗaki kai tsaye ya san gidan wa ya faɗo.

Ya tarar da Ammu Mazin yana fifita gawayi a murhun gashi. Bahaushen Sudan ne, ya daɗe a Masar, gashin kansa a bakin wutar nan ya yi fari. Shagon babu kowa, masu saye sai bayan la'asar.

"Salamu alaikum, Ammu."

"Wa alaikumus salam. Shehin Darrasa. Yau kuma an gudu daga darasi? Ko yunwa ce ta ba da fatawa?"

"Ba yunwa ba ce. Wanke hannu ka zo ka ga abu."

"Hannuna ya fi kwamfutarka tsarki, ya walad."

Rilwanu ya buɗe kwamfutar a kan teburin da ke kusa da murhu. Ya rubuta agashe, ya rubuta Maadi, ya juyo da allon.

"Duba wa ke sama."

Tsohon ya ranƙwafo, ya ƙanƙance ido.

"Ni ne wannan?"

"Kai ne. Sama da kowa."

"Tamam," in ji Mazin, yana dariya har ana ganin wawulonsa. "Ashe dai karatun naka ba na banza ba ne. Yau tsinke biyu za ka ci, ba na kaza ba, na rago."

"Ba ka ga komai ba tukuna. Har hotuna suna fitowa yanzu."

Ya danna wajen hotuna. Ga nama a jere da ƙuli da albasa. Ga gaban shago. Ga wani mutum dogo, siriri, tsaye a bakin murhu yana juya tsinke, yana kallon mai ɗauka.

Dariyar tsohon ta ɗauke.

"Wannan daga ina?"

"Hasan ne mana. Na cikin ɗaki, mai yanka."

"Na san Hasan ne. Ɗan ƙanwata ne, zan kasa gane shi? Na ce daga ina hoton ya fito."

"A cikin kayan shafin na same shi. Ɗaki ne guda, madanninsa ya ɓace daga gefe, ba mai iya shiga. Na ce kuskure ne, sai na dawo da shi."

"Ka dawo da shi."

"Ka ce duk abin da ke ciki in fito da shi duniya ta gani, Ammu."

Mazin ya ajiye maficin a hankali.

"Karanta min abin da ke goshinsa."

Rilwanu ya karanta. Cikakken sunan Hasan ne, da na ubansa, da na kakansa, da sunan garinsu. Haka aka rubuta a ƙarƙashin hoton tun asali, shi kuma ya ɗauko ya mayar da shi sunan ɗakin, don abin da Google ya fi karantawa ke nan.

"A ƙasa fa?"

Rilwanu bai karanta ba. Ya san abin da ke ƙasa, da hannunsa ya rubuta.

"Ba kuskure ba ne," in ji tsohon. Muryarsa ta koma ƙasa. "'Yata ce ta sa hoton lokacin da Hasan ya iso, don murna. Da muka ji ana nemansa na ce ta cire. Ta cire madannin, ta ce min khalas, shi ke nan, babu mai gani. Ka taɓa ganin Hasan a bakin wutar nan tun da ka san mu?"

"A'a."

"Ka taɓa tambaya?"

Rilwanu ya girgiza kai.

"Da yaƙi ya shigo garinsu, Hasan ne ya tuƙa babbar mota ya fito da mutane. A hanya aka tsaya, wani saurayi, Mahir, ya sauka ɗebo ruwa. Masu bindiga suka ɓullo. Hasan ya ja mota. Yaron bai tsira ba. Yayansa Hatim ya dafa Alƙur'ani a kan sai ya ga jinin Hasan. An ce yana Masar."

Rilwanu ya jawo kwamfutar, yatsunsa suna kuskuren madannai.

"Yanzu zan goge."

"Goge."

"Amma Ammu, ko na goge, Google ba ya mantawa nan take. Yana ɗaukar kwanaki."

"Tun yaushe hoton yake waje?"

"Tun satin da ya wuce."

Mazin ya laluba aljihun jallabiyarsa yana neman waya.

"Hasan ya tafi karɓo nama. In ya dawo ta baya zai shigo. Bari in ce ya tsaya can."

Bai kai ga dannawa ba hasken ƙofa ya dusashe. Wani mutum ne ya cika ta, ƙato, baƙi, gemunsa ya fara furfura, takalmansa sun sha hanya. Ya yi sallama cikin ladabi. Ya miƙa hannu sama ya jawo ƙofar ƙarfen shagon, ta sauko da ƙara har ƙasa.

"Ba mu buɗe ba, ya zol," in ji Mazin, irin kiran da 'yan Sudan ke yi wa juna.

"Na gani. Ban zo cin nama ba, Ammu Mazin. Ajiye wayar."

Hatim ne. Ya zaro wuƙa daga ƙugu, irin ta fawa, ya riƙe ta a gefen cinya. Tsohon ya ajiye wayar a kan tebur. Hatim ya sa hannu ya ture ta cikin garwashi.

Sai idonsa ya sauka kan kwamfutar, inda Hasan ke tsaye yana juya tsinke. Ya dubi Rilwanu daga sama har ƙasa.

"Kai ne mai aikin?"

Hatim bai jira amsa ba.

"Allah ya saka maka da alheri, ɗan'uwa. Da gaske nake. Na je Aswan, na je Iskandariyya, na kwana a tasha, na bi masallatai ina tambaya, kowa ya ce bai san shi ba. Kullum in na idar da asuba sai in rubuta sunan nan a waya. Babu. Babu. Shekaranjiya na rubuta, sai ga shi yana kallona. Har da lambar gida. Ko ɗan jagora sai haka."

"Tsohon hoto ne," in ji Mazin. "Hasan ya wuce Libiya tun bara."

"Haka ne?"

"Ka zauna, Hatim. Na san ubanka, mun yi makarantar allo tare. A kira manya a yi zama irin na gida. Ba a wanke jini da jini."

"Manya sun zauna a can. Sun ce ƙaddara ce."

"Ana harbi. Mota cike da mata da yara. Me kake so ya yi?"

"Uwarmu tana cikin motar," in ji Hatim. "Ita ya sauka ɗebo wa ruwan. Tana zaune a baya tana kallonsa yana bin mota da gudu da jarka a hannu, bai ma yar da jarkar ba. Tana dukan ƙarfe tana cewa a tsaya. Har yau ba ta shan ruwa sai an ɗura mata. Ka ce min in zauna?"

"Ma'alish, ka yi haƙuri. Wallahi ma'alish. Amma ba ya nan."

Hatim ya gyaɗa kai kamar ya yarda. Ya ɗauki ƙarfen da ake tona wuta da shi, ya juya, ya maka wa tsohon a gwiwa.

Ƙarar ta yi kama da ta busasshen icce. Mazin ya zube, ya tafi da tiren ƙuli, garin ya watse a ƙasa. Bai yi ihu ba, nishi kawai yake yana dafe ƙafar.

Rilwanu ya zabura zai yi ƙofar baya. Taku biyu ya yi. Aka cafko wuyan rigarsa, aka dawo da shi, aka haɗa fuskarsa da tebur. Ya ji haƙorinsa ya motsa, bakinsa ya cika da gishiri.

"Ina za ka? Ba mu gama gaisawa ba."

"Ni ɗalibi ne. Ban san komai ba. Ba ɗan ƙasarku ba ne ni."

"Hausa kake ji, Hausa nake ji. Ina Hasan?"

"Ban sani ba."

"Wanne ne hannun rubutun? Wannan?"

Ya kama hannun daman Rilwanu ta wuyan hannu, ya ja shi zuwa murhu. Ragar ƙarfen da ake ɗora nama ta riga ta yi ja a tsakiya. Zafin ya fara lasar tafinsa tun bai taɓa ba.

"Sake shi," in ji Mazin daga ƙasa. "Baƙo ne. Amanar mutane ne. Ni ka taɓa."

"Kai ka tsufa, Ammu, ka saba da wuta. Wannan bai saba ba." Ya sunkuyo daidai kunnen Rilwanu. "Ka riga ka nuna min gida. Ɗaki kawai ya rage. Ƙarasa aikinka."

"Wallahi ban..."

Hatim ya danna hannun.

Rilwanu ya ji ƙarar kafin ya ji zafin, irin ƙarar da yake ji kullum in an ɗora tsinke. Sannan zafin ya taho, ya bi ta hannu ya hau kai. Ya yi ihu har muryarsa ta tsage. Ya yi ta harbin ƙafar teburi, ya ciji hannun rigar mutumin, duk a banza. Warin da ya tashi ya san na jikinsa ne.

Hatim ya ɗaga hannun. Fata ta bi ragar.

"Ina Hasan?"

Rilwanu ya so ya yi shiru. Allah ya sani ya so. Ya karanta labarin mutanen da aka azabtar ba su yi magana ba, ya ma taɓa yin wa'azi da su a ɗakin ɗalibai. Amma da ya ga an kama hannun hagu ana ja, bakinsa ya buɗe da kansa.

"Nama ya je karɓowa. Ta baya zai shigo. Yanzu zai dawo."

Aka sake shi. Ya sulale jikin bango ya rungume hannun a ƙirji. Bai iya kallon inda tsohon yake ba.

"Kwayyis, ya yi kyau," in ji Hatim.

Ya wuce ɗakin yanka, ya tsaya bayan ƙofar baya, wuƙa a hannu. Daga inda Rilwanu yake yana hango kafaɗarsa da rabin ƙofar.

Shagon ya yi tsit. Wayar da ke cikin garwashi tana narkewa tana hayaƙi mai ɗaci. A waje mai sayar da gas yana buga tukunya da ƙarfe yana wucewa, wata mata tana kiran ɗanta daga bene. Duniya tana harkarta.

Mazin ya fara jan jiki.

Da gwiwar hannu yake tafiya, karyayyar ƙafar tana binsa a baya, jallabiyarsa tana sharar ƙuli. Ya zo daidai Rilwanu ya tsaya ya numfasa.

"Ba komai, ɗana," ya ce a hankali. "Wuta ce. Ba ta da aboki."

Ya ci gaba.

Sai ga ƙarar tuk-tuk, adaidaita-sahun Masar, a lungun baya. Ta tsaya. Muryar Hasan ta taso, yana tsokanar direban da Larabci, yana cewa gobe ya zo da mota mai birki. Aka ji ya sauke kaya. Aka ji makulli a ƙofa.

Tsohon ya kai bakin ɗakin yanka. Ya tattara abin da ya rage masa ya ɗaga murya.

"Hasan, kada ka shigo. Gudu."

Ya kuma rungume ƙafar Hatim da hannu biyu.

Hatim ya fizga, tsohon bai saki ba. Ya sake fizga, ya buga masa diddige a baki, bai saki ba. Ƙofa ta riga ta fara buɗewa. Hatim ya juyo da wuƙar ƙasa, ya soka. Ya zare ya sake sokawa.

Hasan bai gudu ba. Wanda ya taɓa jan mota ya bar mutum a baya, yau bai ja ba. Ya banko ƙofar da kafaɗa, cinyar saniya guda a hannunsa, da ita ya make Hatim a fuska. Suka zube tare a kan katakon yanka. Wuƙar ta faɗi. Hatim ya kama maƙogwaronsa da hannu biyu ya matse, Hasan ya laluba gefe, hannunsa ya faɗa kan damin tsinken ƙarfe, ya zaro ɗaya ya luma masa a kafaɗa har ya lanƙwashe.

Hatim ya yi wani gurnani ya sake shi. Ya miƙe yana tangaɗi, jini na zuba daga hancinsa, tsinken na maƙale a jikinsa. A lungu mutane sun fara taruwa, direban tuk-tuk yana kururuwa a kira 'yan sanda. Ya dubi wuƙar, ya dubi ƙofa.

"Na san gidan yanzu," ya ce.

Ya kutsa cikin mutanen ya fita. Ba wanda ya tare shi.

Hasan bai bi shi ba. Ya durƙusa ya ɗago kan kawunsa ya ɗora a cinya, ya cire rigarsa ya danna a kan ramin da ke ƙarƙashin haƙarƙari. Rigar ta jiƙe nan take.

"Kawu. Kawu, dube ni. Yalla, buɗe ido, mota na zuwa."

Leɓen tsohon yana motsi. Hasan ya kai kunne. Rilwanu ya rarrafo da hannu ɗaya, ya tsaya a bakin ɗakin, bai isa ya matsa ba.

"Ya aka yi ya same mu?" in ji Hasan, ba da kowa yake ba. "Ko masallacin layin nan ba na zuwa. Ko aski a gida nake yi. Ya aka yi?"

A ƙasa kusa da katakon yanka akwai wayar Hatim, ta faɗo lokacin kokawa. Gilashinta ya tsage amma tana kunne. Hasan ya miƙa hannu mai jini ya ɗauka.

Ya ga kansa yana juya tsinke. Ya karanta sunansa da na ubansa da na kakansa. Ya ja hoton sama da babban yatsa, ya karanta layi, ya karanta lambar gida.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗago, ya dubi kwamfutar da ke buɗe a kan tebur can cikin shago. Ya dubi Rilwanu. Ya ajiye wayar, hannunsa ya sauka kusa da wuƙar.

"Malam Rilwanu," ya ce a hankali. "Wa ya rubuta wannan?"

Rilwanu ya juya wajen Ammu Mazin. Mutum ɗaya ne a duk Masar zai iya cewa yaron nan bai sani ba, a ƙyale shi.

Idon tsohon a buɗe yake, yana kallon silin. Leɓen ya daina motsi.